Layar Zanar Jan Babur

Samarin da ke zama a bakin shagon ɗana suna jiran cajin waya su suka sa ni rubuta wannan. Kwanaki ɗayansu ya nuna mini wani wasa a wayarsa: babura biyu suna gudu, kowanne yana barin igiyar haske a bayansa, wanda ya taɓa igiya ya faɗi. Na ce masa na taɓa ƙera irinsa a nan Haɗeja tun ubansa bai yi aure ba. Ya dube ni da tausayi, ya ce ai wannan ba shi da wuya, Baba, in ya taɓa layi ya mutu, shi ke nan. Na tambaye shi wa zai gaya wa na'urar cewa ya taɓa. Ya ce ai tana gani. To ba ta gani, kuma rashin ganin nata ya kusa raba ni da shagona.

Sunana Habu, amma a bakin tasha Habu Idan-fa aka san ni. Karatuna a firamare ya tsaya, daga nan na koyi gyaran rediyo. Sunan kuwa halina ya jawo mini. In na gyara wa mutum rediyo, sai na bi shi har bakin titi ina cewa idan fa batir ya zube a ciki, idan fa yara suka ja eriya, idan fa ruwa ya taɓa. Wasu sukan dawo mini da rediyon lafiya lau, su ce na tsorata su har sun kasa kunnawa.

Wata rikoda ce ta shigar da ni wannan sana'a, wajen ƙarshen shekarun tamanin. Malam Yohanna, mutumin Filato, malamin lissafi a wata sakandare a garin nan, ya kawo ta ya ce tana jan kaset. Na canja mata roba, na goge kanta da auduga da sifirit, na sa kaset ɗinsa don gwaji. Sai na ji wani ƙara kamar gyare ya faɗa gwangwani. Na kwance ta, na ɗaura, na sake kwancewa, ƙaran yana nan. Da ya zo karɓa na fara ba shi haƙuri tun bai sauka daga kekensa ba. Ya saurari ƙaran, ya ce ai bai taɓa jin ya fita tas haka ba. Ba waƙa ba ce, in ji shi, abincin kwamfuta ne.

Ya kai ni gidansa ya nuna mini ita. Ba ta fi faranti girma ba, maɓallanta na roba, an jona ta da talabijin. Ba ta riƙe komai in an kashe ta, shi ya sa ake zuba mata aikinta daga kaset kullum, kamar jaririn da ake wa ɗura. Yaren da ake yi mata umarni da shi Besik ake ce masa, kuma kalmominsa ba su fi Turancin da na baro a aji shida ba. Babbar cikinsu ita ce wadda Bature ke nufin "idan" da ita. Da Malam Yohanna ya ji laƙabina ya yi dariya har ya cire tabarau.

"Habu, kai aka yi wa wannan aikin," ya ce. "Na'urar nan ba ta san komai ba sai abin da ka ji tsoro ka gaya mata."

Haka na yi ta zuwa gidansa bayan la'asar. Ni ina gyara masa lasifikar cocinsu, shi yana koya mini. Ya sa ni zana fuskar talabijin a takarda mai gida-gida, ya nuna mini cewa duk hoton da nake gani ɗigo-ɗigo ne a jere, kowane ɗigo da adireshinsa. Ya hana ni taɓa maɓalli sai na fara bin umarnin da yatsa a takarda, layi bayan layi, ina yin kamar ni ne na'urar. Ya ce in na yi mata wayo a zuciyata na cuci kaina, domin ita ba ta da wayon. Da aka mayar da shi gida aiki, ya bar mini kwamfutar da rikodar, ya ce ɗaukarsu a mota zai fi ba shi wahala. Na san ba haka ba ne.

Shagon da nake haya na Alhaji Gambo ne, dillalin shinkafa. Ranar da na nemi izinin sa wasa a ciki, sharaɗinsa ɗaya ne: ban da caca, ban da duk abin da zai sa a ambaci sunansa a masallaci. Na sayi tsohon talabijin mai launi, na tanadi batirin mota saboda ɗaukewar wuta. Kafinta ya yi mini akwatuna biyu na katako, na dasa musu maɓallan ƙararrawar ƙofa, na liƙa wayoyin da dalma. Wasan da na rubuta na babura biyu ne, Ja da Kore. Kowanne yana tafiya yana barin layi a bayansa, layin ya zama katanga. Aikinka ka kewaye abokinka da katangarka har ya rasa hanya.

Ga yadda na'urar take sanin an yi karo, ku da kuke cewa tana gani. Babur ba gudu yake yi ba, taku yake yi, ɗigo ɗaya bayan ɗaya. Kafin kowane taku na sa ta tambaya: idan ɗigon da zan sauka a kai yana da launi, to na bugi katanga. In babu launi, ta matsa, ta shafa wa wurin fenti. Tambayar ke nan, ba wata. Da ita na ci abinci shekaru, ba wanda ya taɓa cewa an zalunce shi. 'Yan acaɓa suna zuwa, masu kifi suna zuwa in sun sallami kaya, har ma'aikatan sakatariya sukan leƙo da rana, su ajiye hula a kan benci kamar ba su ba.

Sai muguwar shekara ta zo. Wuta ta koma baƙuwa, fetur ya yi wuya, cajin batir kansa sai da layi. Wani kuma ya buɗe gidan kallon bidiyo a bayan tasha ya kwashe mini rabin mutane. Waɗanda suka rage suka fara ƙorafi cewa baburana tafiyar jakin yashi suke yi. Don in riƙe su na ƙara maɓalli ɗaya a kowane akwati, na wuta. In ka danne shi, babur ya daina taku ɗaya-ɗaya, ya dinga tsallake ɗigo da yawa a lokaci guda, na'urar kuma ta ja layi daga inda ya tashi zuwa inda ya sauka don kada katanga ta yi giɓi. Na gwada duk abin da tsorona ya kawo mini. Idan fa an danna maɓalli biyu tare, idan fa maɓalli ya maƙale, idan fa wuta ta yi ƙasa. Abu ɗaya ne ban gwada ba: in danne wuta in nufi katanga kai tsaye. Ni ko a cikin talabijin, tun daga nesa nake kaucewa.

Buba ba ya kaucewa. Ɗan acaɓa ne, Bafillacen gari, iyayensa sun daɗe da ajiye sanda amma har yanzu suna da 'yan shanu wajen Baturiya. Abokin karawarsa kullum Bukar ne, Babarbare mai sayar da bandar kifi. Kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, kowanne yana kiran ɗan'uwansa bawansa. Buba Ja yake ɗauka, Bukar Kore. Bukar mai haƙuri ne, yana gina katangarsa a hankali kamar mai kafa tarko a bakin kogi, kuma yawanci shi ke ci.

Wata rana da hantsi Bukar ya rufe Ja ta ko'ina, har ya fara miƙa hannu a ba shi goron da ya ce bawa ke ba ubangidansa. Buba ya ga ba mafita, ya danne wuta ya nufi katangar don a gama. Sai Ja ya ɓulla ta ɗaya gefen, yana tafiyarsa. Na ga fuskar Buba, shi ma bai san abin da ya faru ba, amma bakinsa ya riga kowa farfaɗowa. Ya tofa a tafin hannunsa, ya shafa wa akwatin, ya ce layar zana ce ta kakarsa, wadda in an matsa wa mutum sai ya ɓace ya bayyana a wani wuri.

Abin da ya ƙara ɓata lamarin, ba kullum yake yi ba. Wani lokaci Ja ya ratsa, wani lokaci ya fashe. In ya ratsa, Buba ya ce laya ce. In ya fashe, ya ce ƙaurin kifin Bukar ne ya karya ta, a matsar da bawan nan bakin ƙofa. Bukar kuwa ya rantse ba zai danna maɓallin wuta ba, wai shi ba ya shiga abin da bai san kansa ba, don haka ba wanda ya taɓa ganin Kore ya ratsa. Kwana kaɗan shagon ya cika da 'yan kallo, har na fara murna. Sai maganar ta fita titi ta canja kaya. Wasu suka ce Habu ya binne laya a cikin na'ura. Wasu suka ce ba laya ba ce, na ɗaure wa Buba gindi ne saboda yana ɗaukata kyauta. Iyaye suka fara hana 'ya'yansu zuwa. Ni da nake bin mutum titi saboda batir, yau ni ake nunawa da baki.

Alhaji Gambo ya aiko a kira ni. Na same shi a kan buhunan shinkafa yana duba samfur a tafin hannu. Na durƙusa na gaishe shi, bai ɗago ba.

"Habu, abu biyu nake ji. Ko tsafi, ko ha'inci. Wanne zan gaya wa liman?"

"Ko ɗaya babu, Alhaji."

"To mene ne?"

"Ban sani ba tukuna, ranka ya daɗe."

Ya ce wannan amsar ta fi biyun farko muni. Zai tafi Kano da kaya, in ya dawo zai zo shagon da kansa ya zauna. In jan babur ya ratsa katanga a gabansa, in ajiye masa makullinsa. Shagon nan kuwa ba wasa kaɗai nake yi a ciki ba, teburin gyaran rediyona ma yana nan, kuma a shekarar ba inda zan sami wani.

Na rufe wasan na zauna da takarda mai gida-gida. Na musanya akwatunan, ko waya ce, ba ita ba ce. Na bi umarnin da yatsa daga sama har ƙasa, ban ga kuskure ba, domin tambayar tana nan daram inda na sa ta. Na ƙara wa katanga kauri, sai fili ya cika tun ba a fara wasa ba, kuma duk da haka Ja ya ratsa mini sau ɗaya da na rufe ido na gwada. Na rage gudu, abin ya ragu, amma mun koma jakin yashi, wanda shi ya kori mutane tun farko. Ba zan ɓoye muku ba, har sukurun na'urar na kwance na leƙa cikinta, idan fa wani ya cusa wani abu ban sani ba. Mataccen kyankyaso na samu. Na daɗe ina dubansa kafin na yarda kyankyaso ne kawai.

Ana cikin haka yayana ya aiko daga Auyo, matarsa ta haihu, in zo in haɗa musu lasifika ranar suna. Da wahalar fetur ba mota, kuma a duk tashar, Buba kaɗai ke da mai a tanki. Na hau bayansa rungume da lasifika, na roƙe shi don girman Allah ya tafi a hankali. Ya ce to. Lokacin girbin shinkafa ne, duk gefen hanyar fadama shanya ce. Da muka bar gari ya murɗa, ni kuma na yi abin da na saba: na rufe ido, in buɗe kaɗan in ga muna raye, in sake rufewa. In buɗe in ga gada, in rufe. In buɗe in ga masunta suna jan kwalekwale, in rufe. Haka muka isa.

Da muna dawowa bayan azahar, wata tsohuwa ta tare tsakiyar hanya da muciya a hannu. Ta ce jar hular da ke kan Buba ta gane, shi ne ya bi ta kan shinkafarta da safe, dafaffiya da ta shanya a tabarma. Buba ya ce Inna ba shi ba ne, kuma ga shaida a bayansa, mutumin da duk Haɗeja ta san ko sauro ya kashe sai ya ba da rahoto. Ta juyo gare ni. Na yi tunani sosai don kada in faɗi abin da ban gani ba. Na ce mata gaskiya na duba wajen waccan bishiyar, ba ma kan shinkafa, na kuma duba wajen wancan kwalbatin, ba ma kan shinkafa.

Ta kama hannun rigata ta ja ni har bakin tabarmar. Ga sawun taya nan ya shiga ta wannan gefe ya fita ta wancan, ya raba shanyar biyu.

"Kai ɗan nan, wa ya tambaye ka inda ka buɗe ido? Tsakanin bishiya da kwalbati ta sama kuka bi?"

Buba ya sauka yana ba da haƙuri, ta sa shi tsince yashi daga shinkafar da hannunsa, tana tsaye a kansa da muciya. Ni kuwa na tsuguna ina kallon sawun. Shaidar da na bayar ita ce irin wadda na'urata take bayarwa. Tana duba inda babur ya tashi, ta duba inda ya sauka, abin da ke tsakani ido a rufe. Katanga kaurin ɗigo ɗaya ce. In tsallen ya sauka daidai a kanta, a kama shi. In ya sauka bayanta, na'urar ta ce ba ta ga komai ba, kuma ba ƙarya ta yi ba. Hannunta yana jan layi ta kan katangar, idonta kuwa ƙarshen layin kaɗai yake kallo. Layar kakar Buba ke nan gaba ɗayanta.

Gyaran a baki gajere ne: kafin babur ya yi tsalle, na'urar ta bi sawun da zai bi, ɗigo bayan ɗigo, tana yin tambayar nan a kan kowanne. In ta ci karo da launi a hanya, nan zai tsaya ya fashe. Amma ku da kuke cewa ba wuya, ku saurara. Gwajin farko, ina danna wuta babur ya mutu nan take, domin ɗigon farko da ta duba shi ne wanda yake tsaye a kai, ta ga fentinsa ta ce katanga ce. Sai na sa ta fara daga na gaba. Gwaji na biyu, na bar ta ta ja layi kafin ta yi tambaya, ta shafe katangar Kore da jan fenti sannan ta kama Ja da laifin taka kansa. Sai na mayar da tambaya gaba, fenti baya. Da komai ya daidaita, tambayoyin suka yi mata yawa ta fara nishi, gudun ya ragu. Dole na cire ɗan kiɗan da take yi da adon da na sa a gefen fili, na ba ta numfashi. Kiɗan nan na fi wata ina haɗa shi. Sannan na yi abin da ban taɓa yi ido buɗe ba, na danne wuta na dinga dukan katanga, ta dama, ta hagu, ta sama, ta ƙasa, da Ja da Kore, har yatsana ya yi kanta.

Alhaji ya dawo, ya zo da safe, aka goge masa benci. Mutane sun cika ƙofa har ba iska. Kaset ya ɗauki lokacinsa yana kukan gyare, Alhaji yana dubana, ni ina duban batir. Bukar ya gina katangarsa a natse. Buba ya naɗe hannun riga, ya yi tofi a tafi biyu, ya faɗi wasu kalmomi da Fillanci waɗanda daga baya aka ce mini sunayen shanun kawunsa ne. Ya danne wuta. Ja ya daki katanga ya tarwatse. Aka sake, ya tarwatse. Ya ce a fitar da Bukar waje saboda ƙauri, aka fitar da shi, wani ya karɓi Kore, ya sake tarwatsewa. Bukar ya leƙo ta taga ya tambaya ko a kawo wa bawansa ruwa.

Alhaji ya ce ya gani, amma yana so ya san abin da ke ciki da can da na cire. Na ba shi labarin tsohuwa da tabarmarta, da bishiya da kwalbati, ban rage komai ba. Ya shafa gemu.

"Wato alƙalin naka ba cin hanci yake yi ba. Barci yake yi."

"Ƙifta ido yake yi, Alhaji."

"Yanzu fa?"

"Yanzu yana bin sawu. Sai dai idan fa..."

Ya ɗaga hannu ya ce in tsaya nan, kada in ɓata. Ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya ce zai gaya wa liman ba tsafi ba ne, Habu ne. Ban san yadda liman ya fahimci wannan ba, amma ba a sake tayar da maganar ba, makulli kuma ya zauna a aljihuna har na bar shagon don kaina bayan shekaru.

Da mutane suka watse Buba ya dawo shi kaɗai, ya rage murya. Ya ce in mayar masa da layar, ko da rabi ce, ko sau ɗaya a mako, don Bukar ya hana shi shan shayi a tasha. In na yi, zai dinga ɗaukata kyauta duk inda za ni har ƙarshen rayuwata. Na ce masa a bayan babur ɗinsa wannan ba alkawari mai tsawo ba ne.

Saurayin nan mai waya ya ji duk wannan, ya ce to shi nasa wasan ba ya yin haka. Na ce ba ya yi ne domin wani matsoraci a wani gari ya riga ya zauna ya ce idan fa. Ya tambaye ni ko har yanzu ina rufe ido a kan acaɓa. Na ce a'a, tun ranar tsohuwar nan ido buɗe nake hawa, daga tashi har sauka, don in aka tambaye ni in sami abin faɗa. Ya ce ai ka ga ka daina tsoro ke nan, Baba. Na ce masa a da ina tsoron abin da ban gani ba ne, yanzu kuwa ina ganinsa.